Iyafis da Lafiyar Kunne: Me Ya Sa Waya Take Gargaɗi Idan An Ƙure Murya?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar Panshekara da sassafe, lokacin da ma'aikata suke tururuwa zuwa masana'antun Challawa da Sharaɗa, 'yan makaranta kuma suna rububin shiga Adaidaita Sahu, zai lura da wani abu da ya zama ruwan dare. Da wuya mutum ya waiwaya bai ga matashi da iyafis maƙale a kunne ba. Wani waƙa yake saurare, wani labarai, wani kuma karatu ko sharhin ƙwallo. Idan mai sauraro ya yi ta ɗaga murya har ya kai wani mataki, wayoyi da yawa sukan tsaya, su nuna wani ɗan rubutu da ke cewa sauraro da ƙarfi na tsawon lokaci yana iya lalata ji. Galibin mutane sukan danna amincewa ba tare da sun karanta ba, wasu ma suna ɗaukar rubutun a matsayin katsalandan daga masu ƙera wayar.

Wannan ɗan gargaɗi yana da dogon tarihi, kuma a masana'antu ya samo asali. Lissafin da aka yi domin kare kunnen ma'aikacin da ke tsaye gaban inji, shi ne dai aka ɗauko aka sa a cikin wayar da ke aljihun ɗalibi. A wannan maƙala za mu duba yadda kunne yake ji, da yadda ƙara take lalata shi, da yadda ake auna ta, da kuma dalilin da ya sa aka ƙayyade ƙarfin muryar na'urorin sauraro na tafi-da-gidanka.

Mene Ne Sauti?

Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar takan yi rawa, wato ta riƙa kai da komo cikin sauri. Wannan girgiza tana tura iskar da ke kusa da fatar, ita kuma ta tura ta gaba da ita, haka har motsin ya iso kunnen mai sauraro, kamar yadda ruwan kududdufi yake yin zobba idan aka jefa dutse a ciki. Wannan motsi na iska shi ne sauti.

Sauti yana da siffofi biyu da ya kamata mu bambance. Ta farko ita ce yawan girgiza a cikin daƙiƙa guda, wadda ake aunawa da ma'aunin haz, daga sunan masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz. Idan girgizar ta yi yawa sai sautin ya fito siriri, kamar na sarewa. Idan ba ta da yawa sai ya fito da kauri, kamar na tambari. Lafiyayyen kunnen yaro yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Siffa ta biyu ita ce ƙarfin sautin, wato irin ƙarfin da iskar take bugun kunne da shi. Wannan siffa ta biyu ita ce take yin ɓarna idan ta wuce kima.

Yadda Kunne Yake Ji

Masana sun kasa kunne gida uku. Kashi na farko shi ne kunnen waje, wato fatar da muke gani da kuma kafar da ta shiga ciki, mai tsawon kimanin santimita biyu da rabi. A ƙarshen wannan kafa akwai wata fata mai laushi da ake kira dodon kunne, wadda take girgiza idan sauti ya buge ta.

Kashi na biyu shi ne kunnen tsakiya, inda ake samun wasu ƙananan ƙasusuwa uku a jere. Saboda kamanninsu, ana kiran su guduma da uwar maƙera da likkafa. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, domin ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Aikin waɗannan ƙasusuwa shi ne karɓar girgiza daga dodon kunne, su ƙarfafa ta, su miƙa ta ciki.

Kashi na uku shi ne kunnen ciki, kuma nan ne maganarmu ta fi shafa. A nan akwai wani ɗan bututu naɗaɗɗe mai kama da katantanwa, wanda girmansa bai wuce na ƙwayar wake ba, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa an jera wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alfonso Corti, shi ya fara bayyana wannan sashe a 1851. Idan likkafa ta motsa ruwan katantanwa, sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayoyin kuma su mayar da wannan motsi saƙon lantarki, wanda jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, haifaffen ƙasar Hangari, ya nuna cewa kowane wuri a cikin katantanwa yana da irin sautin da yake amsawa: siraran sautuka a bakin shiga, masu kauri kuma can ƙurya. Wannan bincike ya ba shi kyautar Nobel a 1961.

Yadda Ƙara Take Yin Ɓarna

Mu ɗauki waɗannan ƙwayoyi masu gashi tamkar ciyawa a fili. Idan saniya guda ta ratsa ta cikin ciyawa, takan kwanta, amma kafin gari ya waye ta miƙe. Idan kuwa garke ne yake bi ta wurin safe da yamma, shekara da shekaru, sai wurin ya zama burtali, ko damina ta sauka ba abin da zai tsiro. Haka ƙara take yi wa kunne. Wanda ya dawo daga wurin biki inda aka ƙure lasifika yakan ji kunnuwansa sun toshe, ko suna wani irin kuka, amma bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji ya warware. Wannan ita ce ciyawar da ta kwanta ta tashi. Idan abin ya zama na kullum, sai ƙwayoyin su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya sa lamarin ya zama babba shi ne, a jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa. Fata takan warke, karyayyen ƙashi yakan haɗe, amma ƙwayar ji idan ta mutu ta tafi ke nan. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa tsuntsaye, har da kaza, suna iya sabunta nasu bayan ƙara ta lalata su. Mutum dai ba shi da wannan baiwa, kuma da adadin da aka haife shi zai yi zaman duniya. Bugu da ƙari, wani bincike da Sharon Kujawa da Charles Liberman na Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa a 2009 ya nuna cewa, a jikin ɓeraye, ko bayan ji ya yi kamar ya dawo daidai, wasu daga cikin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin da jijiyar ji sun riga sun tsinke. Ashe ke nan, warwarewar da mutum yake ji bayan biki ba lallai ba ne ta zama cikakkiya.

Wani abin lura kuma shi ne, wannan ɓarna ba ta zuwa da ciwo, ba jini, ba zazzaɓi. Sannu a hankali take tafiya, har mutum ya yi shekaru bai ankara ba.

Ma'aunin Desibel

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, sunan da aka samo daga Alexander Graham Bell, wanda ya shahara wajen ƙirƙiro tarho. Ga kimanin ƙarfin wasu sautuka da muka sani:

Raɗa a kunne: desibel 30.
Hira ta yau da kullum: desibel 60.
Titi mai cunkoson motoci: desibel 80 zuwa 85.
Babur idan ana kusa da shi: desibel 90 zuwa 95.
Ɗakin injinan saƙa: desibel 95 zuwa 100, wani lokaci fiye.
Jiniya a kusa: desibel 120, inda kunne yake fara jin zafi.

Sai dai ma'aunin desibel ya bambanta da mudu ko magwajin tela. A mudu, biyu ninkin ɗaya ne, huɗu kuma ninkin biyu. A desibel kuwa, duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Saboda haka desibel 90 ya fi desibel 80 ƙarfi sau goma, desibel 100 kuma ya fi shi sau ɗari. Ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu. Alal misali, idan janareto ɗaya yana fitar da desibel 85, aka kawo irinsa aka kunna a gefensa, jimillar za ta zama desibel 88.

A nan ne kunne yake ruɗin mai shi. Idan aka ƙara desibel 3, da ƙyar mutum zai lura an yi wani canji, alhali nauyin da ke kan ƙwayoyin ji ya ninka. Idan aka ƙara 10, mutum zai ji kamar sautin ya ninka sau biyu ne kawai, alhali sau goma ya ninka. Don haka ɗan danna maɓalli sau biyu ko uku, wanda mai sauraro yake gani ba komai ba ne, babban al'amari ne a cikin katantanwa.

Darasi Daga Masana'antu

Tun kafin a san desibel, mutane sun lura cewa wasu sana'o'i suna tafiya da nauyin kunne. A farkon ƙarni na 18, wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya rubuta cewa maƙeran tagulla sukan kurmance saboda bugun da suke ji dare da rana. A 1886 kuma, likita Thomas Barr na birnin Glasgow ya gwada kunnuwan masu ƙera manyan tukwanen ƙarfe na tururi, ya tarar da yawancinsu sun yi asarar ji. Mu ma a nan gida ba mu rasa sana'o'i masu ƙara ba: maƙera, da masu bugun shadda a kusa da marina, da masu injin markaɗe, da masu walda da gyaran janareto.

Kano tana da manyan yankunan masana'antu guda uku: Bompai, wadda ita ce mafi daɗewa, sai Sharaɗa, sai kuma Challawa da ke maƙwabtaka da Panshekara a ƙaramar hukumar Kumbotso. A waɗannan wurare aka kafa majemun zamani da masaƙu da kamfanonin roba da na matsar mai da na kayan abinci. Ko da yake masaƙu da dama sun rufe tun daga ƙarshen shekarun 1990, injinan da suka rage, tare da manyan janaretocin da ke ba su wuta, suna nan suna ruri. Duk inda ake da irin waɗannan injina a duniya, tambaya ɗaya ake yi: awa nawa ma'aikaci zai iya tsayawa a cikin wannan ƙara ba tare da ya cutu ba?

Amsar da masana suka bayar ta haɗa abu biyu, wato ƙarfin ƙara da tsawon lokaci. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce desibel 85 na awa 8 a rana. Tun da ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfi, to duk ƙarin 3 sai a raba lokacin biyu:

Desibel 85: awa 8.
Desibel 88: awa 4.
Desibel 91: awa 2.
Desibel 94: awa 1.
Desibel 97: minti 30.
Desibel 100: minti 15.

A Nijeriya, hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokokin ƙayyade ƙara a 2009, waɗanda suka shafi masana'antu da unguwanni da wuraren taruwar jama'a. Wannan ne ya sa ake bukatar ma'aikacin da ke wurin ƙara ya sa matoshin kunne, ko a rage masa tsawon lokacin da yake yi kusa da inji.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, kunne ba ya bambance ƙarar inji da waƙar da mutum yake ƙauna. Ƙwaƙwalwa ce take cewa wannan daɗi, wancan damuwa. A wurin ƙwayoyin ji, desibel 100 desibel 100 ne, ko daga injin saƙa ya fito, ko daga bakin mawaƙi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Daga Walkman Zuwa Wayar Salula

A da, mai son jin waƙa yakan kunna rediyo ko rikoda a tsakar gida, kowa ya ji, kuma idan ya ƙure murya ba za a rasa wanda zai ce masa ya rage ba. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ƙaramar rikoda mai cin kaset da ake sauraro ta kunne kaɗai. Amma ita ma tana da nata cikas: kaset yana ƙarewa sai an juya, batir kuma yana mutuwa sai an sayi wani. Waɗannan cikas sun kasance hutu ga kunne ba tare da an sani ba. A 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod, wadda take ɗaukar waƙoƙi har dubu, kuma a wannan shekarar ce wayar salula ta zamani ta fara aiki a Nijeriya. Ba a daɗe ba waya ta zama rediyo, ta zama rikoda, ta zama talabijin. A kasuwannin waya irin na Farm Centre da titin Beirut, ana iya cika wa mutum memori da abin da zai saurara na kwanaki ba tare da ya maimaita ba.

Yawancin waɗannan na'urori, idan aka ƙure su, suna iya haura desibel 100, wasu ma su kai 110 ko fiye. Wato ɗan abin da bai kai girman gyaɗa ba yana iya zuba wa kunne ƙarar da ta fi ta ɗakin injina, saboda yana zaune ne a cikin kafar kunne, dab da dodon kunne.

Yadda Aka Ƙayyade Murya

Ƙasar Faransa tana cikin waɗanda suka fara ɗaukar mataki. A 1996 ta yi dokar da ta hana sayar da na'urar sauraro ta tafi-da-gidanka da take wuce desibel 100, ta kuma wajabta rubuta gargaɗi a jikinta. A 2002 sai da aka janye iPod daga kasuwannin Faransa na ɗan lokaci, har aka gyara ta ta dace da dokar. A 2006 kamfanin ya ƙara wani tsari da ke ba mai na'ura, ko iyayen yaro, damar kulle murya a matakin da suke so.

A 2008 wani kwamitin masana na Tarayyar Turai ya bayyana cewa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu amfani da irin waɗannan na'urori suna cikin haɗarin rasa ji na dindindin, idan suna sauraro da ƙarfi fiye da awa guda a rana har tsawon shekara biyar. Wannan ya haifar da ƙa'idar da ta fara aiki a 2013, wadda ta ce na'ura ta zo da murya a tsaye a desibel 85. Mai ita yana iya wucewa har zuwa 100, amma sai ya ga gargaɗi ya amince, kuma gargaɗin zai dawo bayan kowace awa 20 ta sauraro. Da yake kamfanoni sukan ƙera waya iri ɗaya domin kasuwanni da yawa, wannan tsari ya biyo wayoyi har zuwa hannunmu. Mai karatu zai lura cewa desibel 85 ɗin nan shi ne dai adadin da muka gani a masana'anta.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi. A 2019 kuma, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ta fitar da ƙa'ida ga masu ƙera na'urori: desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, desibel 75 na awa 40 ga yara. An sauko ƙasa da 85 ne domin ƙa'idar masana'anta ba ta kare kowa da kowa. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙiyasta a 1998 cewa, ko a desibel 85, kimanin mutum 8 cikin 100 za su sami nauyin kunne bayan shekara 40 suna aiki. Ɗalibin da ya fara sa iyafis yana ɗan shekara 13 kuwa yana da fiye da shekara 40 a gabansa.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ƙa'ida ita ce a ɗauke ta kamar katin waya da ake saka wa kunne sau ɗaya a mako. A desibel 80 katin zai kai awa 40. A desibel 90 zai ƙare cikin awa 4. A desibel 100 kuwa ba zai wuce minti 24 ba. Duk abin da aka saurara bayan nan bashi ne, kuma ƙwayoyin ji ne suke biya.

Me Ya Sa Muke Ƙure Murya?

Ba kasafai mutum yake ƙure murya a ɗaki mai shiru ba. Hayaniyar da ke kewaye da shi ce take tilasta masa, domin kafin ya ji waƙa sosai dole ta fi hayaniyar ƙarfi. Mu ɗauki misalin ɗalibin da ke zaune a Panshekara, yana karatu a cikin gari. A cikin Adaidaita Sahu, ga ƙarar inji, ga hon, ga tireloli suna wucewa, hayaniyar tana iya kai desibel 80 zuwa 85. Domin ya rinjaye ta, sai ya ɗaga waƙarsa zuwa 90. Idan tafiya da dawowa suna cin awa guda a kullum, to daga Litinin zuwa Alhamis ya cinye katinsa na mako, tun ba a lissafa abin da zai saurara da dare ko ranar hutu ba.

Ma'aikacin masana'anta ya fi shiga haɗari. Ƙa'idar awa 8 ta ginu ne a kan cewa sauran awa 16 kunne zai huta. Idan ya tashi daga aiki ya sa iyafis, kunnensa yana cikin gajiya, sautin zai yi masa ƙasa-ƙasa, sai ya ƙara ɗagawa. Mafi muni shi ne wanda yake sa iyafis a gaban inji da nufin ya danne ƙarar injin da waƙa, domin ya tara wa kunnensa kaya biyu ne a lokaci guda. Iyafis na waƙa ba ya maye gurbin matoshin kunne na aiki.

Haka kuma iyafis da bai zauna daram a kunne ba yana barin hayaniya ta shiga, sai mai shi ya yi ta ƙara murya. Sannan ya kamata a sani cewa gargaɗin waya ba ma'auni ne cikakke ba. Waya tana ƙiyasi ne, kuma iyafis ya bambanta: wani ya fi wani ƙarfi ko da an tsayar da su a mataki ɗaya. Akwai kuma ƙananan rediyoyi masu cin memori da ba sa nuna gargaɗi ko kaɗan. Rashin ganin gargaɗi bai nuna babu haɗari ba.

Alamomin da Za a Lura da Su

Ƙara takan fara lalata wurin da ke jin siraran sautuka, musamman wajen haz 4,000. Wasula, wato a, e, i, o, u, suna da kauri da ƙarfi, saboda haka mutum yakan ci gaba da jin su. Baƙaƙe irin su s, sh, f, ts da t kuwa sirara ne, su ne suke fara ɓacewa. Sai kalmomi kamar sara, shara, fara, tsara da tara su riƙa yi wa mutum kama da juna. Shi ya sa mai irin wannan matsala yakan ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a aji mai surutu ko a kasuwa. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin yana iya zama malami ya ɗauka rashin mai da hankali ne, alhali yaron bai ji daidai ba.

Sauran alamomin sun haɗa da kukan kunne, wato jin ƙara kamar ta gyare ko ta usur alhali ba abin da ke ƙara; da jin kunne ya toshe bayan an cire iyafis; da yawan cewa a maimaita magana; da ɗaga muryar rediyo fiye da yadda sauran mutanen gida suke bukata. Wanda ya taɓa fama da sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne mai fitar da ruwa ya kamata ya ƙara yin hattara, domin waɗannan cututtuka suna iya rage ji tun da farko.

Duk wanda ya ga irin waɗannan alamomi ya je asibiti a gwada shi. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Gwajin ba shi da zafi: ana sa wa mutum sautuka iri-iri ne, ya nuna waɗanda ya ji. A guji ɗiga mai ko wani haɗi a kunne, ko sosa shi da tsinke ko ashana ko gashin kaza, domin matsalar tana can ciki inda waɗannan ba sa kaiwa, sai dai su huda dodon kunne. Na'urar taimaka wa ji tana da amfani ƙwarai, amma tana da tsada, kuma ba ta mayar da kunne yadda yake a da.

Matakan Kariya

1. A tsayar da murya ƙasa da kashi 60 cikin 100 na iyakar na'ura, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara.

2. Idan waya ta nuna gargaɗi, a tsaya nan. Wayoyi da yawa suna da wurin kulle murya a cikin saitinsu, wasu ma suna nuna yawan abin da aka saurara a mako. Iyaye da yayye su kulle wa ƙanana.

3. A daidaita murya a wuri mai shiru kafin a fita, kada a ƙara ta a kan titi. Idan hayaniya ta hana ji, a dakata sai an isa gida. Wannan yana kuma kare mutum daga haɗarin mota, domin toshe kunne a hanyar da tireloli suke bi ganganci ne.

4. A riƙa ba kunne hutu bayan kowace awa, kuma kada a yi barci da iyafis a kunne.

5. A zaɓi iyafis da ke toshe kafar kunne sosai, ko wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, domin yana rage hayaniyar waje.

6. A wurin biki ko taro, a nisanci lasifika. A wurin aiki mai ƙara, a sa matoshin kunne na ainihi, domin auduga ba ta tare ƙara yadda ya kamata.

Gwaje-gwaje Domin Aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa ba tare da kayan aiki masu tsada ba. Na farko, a zuba ƙwayoyin gero a kan fatar ganga, a buga wata gangar ko faranti a kusa da ita. Ɗalibai za su ga geron yana tsalle, kuma tsallen yana ƙaruwa idan bugun ya yi ƙarfi. Na biyu, ɗalibai biyu su tsaya da tazarar kamu ɗaya na miƙaƙƙen hannu a wurare daban-daban, kamar aji da bakin titi da kusa da injin markaɗe. Duk inda sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to hayaniyar wurin ta kai kusan desibel 85. Haka nan, idan ɗalibi ya sa iyafis bai ji maganar abokinsa daga wannan tazara ba, muryar ta yi yawa. Na uku, kafin a tafi wurin biki, a kunna rediyo a ɗaki mai shiru, a rage murya zuwa inda da ƙyar ake ji, a bar ta a nan. Bayan an dawo a sake kunnawa. Idan ba a ji komai ba, to kunne ya gaji, kuma alama ce ta cewa ƙarar wurin ta wuce kima.

Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan ɗaya da rabi suna da raunin ji, kuma adadin zai iya kusantar biliyan biyu da rabi a 2050. Wasu dalilan, kamar tsufa da gado, ba su da makawa. Amma nauyin kunnen da ƙara take jawowa ana iya kauce masa, shi ya sa aka keɓe ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara domin wayar da kai a kan lafiyar ji, kuma makarantu za su iya amfani da ita wajen yin gwaje-gwajen da muka ambata. Ma'aikacin da ke Challawa ko Sharaɗa ko Bompai neman abinci ne ya kai shi gaban inji, ba shi da ikon rage masa murya. Ɗalibi kuwa maɓallin yana hannunsa. Idan wayarsa ta sake nuna masa wannan ɗan rubutu, ya tsaya ya karanta, ya tuna cewa Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.